Irin Shinkafa a Tukunyar Kaka

"Lafiya lau, mijin banza mai zuwa gaisuwa hannu rabbana," in ji kakar, tana tura itace a murhu.

Idon jikan na kan babbar robar da ya bari jiya a gindin rijiya. A ciki ya jiƙa irin shinkafarsa, da niyyar ya tsame da safe ya shanya a inuwa kafin shuka. Iyakar irinsa ke nan, ga gona an gama gyarawa. Robar kuwa tana kife.

"Tsohuwa, ina shinkafata?"

"Ga ta can tana turara. Na ga ka jiƙa ka gudu, na ce ragon miji ne, bari in rufa masa asiri."

"Innalillahi! Iri ne fa! Iri kika dafa!"

"Iri? Wa ya taɓa yi wa iri wanka? Mu a zamaninmu ƙasa ake ba shi, Allah ya shayar da abinsa."

"Shi ya sa gonarku ke fitowa kamar haƙoranki, ɗaya nan ɗaya can."

"Haƙoran da suka ƙare wajen tauna maka abinci? Butulu!"

"Jiƙa shi ake yi ya farka daga barci, a tsame kafin ya fasa baki, ya sha iska. Yana shiga ƙasa sai ya tashi gaba ɗaya da ƙarfinsa, ya riga ciyawa."

"To ai na tashe shi. Wa ke barci a kan wuta?"

"Kin dai sa shi barcin da ba tashi. Garin gyaran gira kin tsone min ido."

"Ka shuka a haka mana, ka girbi dafaffiya, ka huta da neman itace."

"Na fasa auren."

"Dama wa ya ga lefenka?"

Ya buɗe tukunyar, tururi ya buge shi. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya latsa, ta narke a yatsansa. Sai ya zauna kan turmi. Kakar ta jira a rama mata, ba a rama ba, ta san yau wasan ya taɓa ƙashi.

Ta shige ɗaki, aka ji ana jan abu daga ƙarƙashin gado. Ta fito tana nishi da wani tulu, bakinsa ɗaure da tsumma.

"Ungo. Irin bara ne, da hannuna na zaɓi zangarniyoyin, ko ubanka na hana. Je ka yi masa wankan. Amma ka tsare robarka, don ni ba na ganin jiƙaƙƙiyar shinkafa hannuna ya haƙura."

"Amaryata! Na mai da auren."

"Tashi ka ba ni wuri, kwaɗayayye," ta ce tana dariya.

Ya rungumi tulun ya nufi rijiya. Da ya zo wucewa ta murhu, ya sunkuya ya ɗauke ashanarta ya jefa a aljihu.