Makullin Ɗakin Karatunmu Ya Samu Canjin Wurin Aiki

Jama'a, in kun ga wani dattijo yau da azahar yana tura babur a bakin hanyar Kalgo, hula a hannu, gumi har cikin takalmi, ku daina tambaya, ni ne. Mai ya ƙare mini, gidan man da na dogara da shi kuma layinsa ya wuce inda ido ke gani, sai 'yan bumburutu suka cece ni da kwalba ɗaya wadda nake zargin rabinta ruwan rijiya ne. Abin da ya ɗauko ni tun daga Gwandu kuwa ba biki ba ne, ba ta'aziyya ba. Makulli na je nema, ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsana ba.

Bari in koma baya. Ina da ɗiya, Jidda, tana aji biyar na firamare. Bara aka gina mana ɗakin karatu a unguwa, aka ce manyan baƙi za su zo buɗewa, aka zaɓe ta ta yi karatu a gabansu. Ranar ta riƙe littafi ta zuba kamar rediyo, ba ko gargada. Mai Girma Mai Almakashi, wanda Allah ya hore wa baiwar yanke ƙyalle, ya shafa kanta, aka ɗauki hoto. Ni kuwa na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina gaya musu ɗiyata ce, har da waɗanda suka ci tuwon sunanta.

Bayan kwana biyu aka kawo mini katin ɗaurin aure ina zaune da maƙwabcina Bawa mai faci. Don in burge shi na kira Jidda na miƙa mata. Ta duba katin, ta sake dubawa, sai ta gyara tsayuwa ta fara: "Wata rana akuya ta shiga gonar gero..."

Bawa ya ce, "To madalla! Ashe akuya za a ɗaura wa aure. Wa ye angon?"

Shi ya yi dariya, ni ban yi ba. Da na matsa mata sai ta fashe da kuka, ta ce mako uku aka yi ana biya musu shafin nan har suka haddace, don kada a ji kunya gaban baƙi. Ko sunanta ba ta iya ganewa a takarda. Wallahi ranar na ji kunya, na kuma ji tsoro, domin shekara biyu kacal suka rage mata ta fita firamare a haka. Ban ga laifin malaminsu ba, mutum ɗaya da yara ɗari da 'yan kai, alli ma wani lokaci daga aljihunsa yake fitowa.

Allah ya haɗa mu da Malama Hannatu, tsohuwar malama 'yar ƙasar Zuru, wadda ta yi ritaya ta ƙi hutawa. Kullum bayan la'asar takan tara yaran unguwa ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar ɗakin karatun, ba wanda ke biyanta ko sisi. Littattafanta su ne buhun taki, kwalin ashana da takardar ƙunshin ƙosai. Dokarta ɗaya ce: ba ka cin ƙosan sai ka karanta layi guda a takardar. Na ga yaron da ya kama harafi bakwai a zama ɗaya saboda yunwa.

Bayan malamar kuma, taku biyar kacal, ga ɗakin karatu da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Tun da motar baƙi ta ƙarshe ta sha kwana aka garƙame shi. In ka leƙa ta taga za ka ga katan-katan na littattafai har rufi, gara ta yi musu hanya tana hawa tana sauka. A lissafina, duk unguwarmu yau babu mai zurfin ilmi kamar gara, ta gama katan na ƙasa ta shiga na biyu.

Shekaranjiya Malama Hannatu ta tsayar da ni. Ta ce, "Baban Jidda, damina ta ƙarato. Ruwa na sauka ajin nan ya watse, abin da yaran suka fara kamawa kuma su sake shi. Jidda ta kusa, saura kaɗan. Ka nemo mana makullin nan."

Da na bincika sai aka ce jami'in da aka damƙa wa ɗakin an yi masa canjin wurin aiki zuwa Kalgo mako guda bayan buɗewa, makulli kuma ya bi ubangidansa. Shi ya sa yau na yi sammako.

Gaskiya Ranka ya daɗe Mai Riƙon Makulli mutumin kirki ne. Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan sanyi, ya tambayi mutanen Gwandu gida-gida. Da na faɗi abin da ke tafe da ni, ya sa hannu aljihu ya fiddo makullin, yana rataye tare da na motarsa.

"Ga shi nan, lafiyarsa lau," in ji shi. "Amma sai ka kawo takarda daga jami'in da ke kula da ɗakin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane ne shi?"

"A rubuce, har yanzu ni ne."

"Alhamdu lillahi, tahiya ta yi kyau. Ga biro."

"Ina! Ai an yi mini canji. Ba ni da hurumin sa hannu kan harkar Gwandu."

Na jinjina wannan hikima. Sai ya ƙara da cewa littattafan nan kayan hukuma ne, in yara suka riƙa taɓa su tsufa za su yi, kuma in masu duba aiki suka zo suka tarar da shafi a yage, shi za a tuhuma. Na ce ai gara ta riga yaran. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, gara daga Allah ce. Yaro kuwa sakaci ne." Har bakin ƙofa ya rako ni, ya ce in gaida iyali.

Da la'asar sakaliya na iso gida, Bawa ya tare ni a bakin rumfarsa. Da ya ji yadda muka yi ya ce, "Mi ya kai ka wagga wahala? Ni da guduma minti biyu ne." Na ce ya rufa mana asiri, fasa kwaɗon hukuma shi ne abu ɗaya da za ka yi a ƙasar nan a zo maka cikin awa guda.

Na ƙarasa gindin dogon yaro. Malama Hannatu ta dubi hannuna ta ga babu makulli, sai ta yi mini nuni da haɓa. Jidda ce tsaye gaban allon dutsen da aka manna a bangon ɗakin ranar buɗewa, ta ɗora yatsa a kan rubutun tana bi a hankali.

"An... bu... buɗe... wannan ɗa-kin ka-ra-tu... do-min... yara."

Da gargada, da tsayawa, da komawa baya, amma ba wanda ya biya mata. Ni da na ga karatun rediyo na yi ta washe baki, yau wannan tsintar kalmomin ce ta sa na juya ina goge ido da hula. Ta sake karantawa, ta dubi kwaɗon, ta dubi allon, ta juyo gare ni.

"Baba, wanda ya rubuta wanga, shi ma hadda aka ba shi?"

Nan take na gane na yi wa manyanmu mummunan zato, ashe hangen nesa ne ya kai makullin Kalgo. Unguwar nan akwai allo a jikin famfon da bai taɓa ɗigo ba, akwai wani a bakin kwalbatin da har yau rami ne. In yara suka iya karatu, duk sai sun bi su ɗaya bayan ɗaya sun karanta, su dawo gida da tambaya.

Yanzu da nake rubutun nan hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kwasar buhunan Malama Hannatu. Bawa dai ya ce in sanar da jama'a cewa gudumarsa ta ɓata tun makon jiya, kuma in an ji wata ƙara gobe da safe, shi yana gona.