Antibodi a Firjin Goggo

Ba zan taɓa mantawa da 'yar kwalbar nan ba, ko ɗan yatsana ba ta kai ba. Lokacin ina digiri na biyu a Zariya, ina bincike kan wani enzayim, wato sinadarin da jiki ke haɗa fiyurin da shi, ɗaya daga cikin tubalan ƙwayar halitta. Ba a ganin enzayim ɗin sai da antibodi, wani ruwa da ke manne masa ya tona inda yake. Wata da watanni muka jira shi daga ƙasar waje, kuma a kansa digirina ya rataya.

Farfesan da ke duba aikina ya aike ni Kano in karɓo, ya ce in wuce Zariya kai tsaye. Ni kuwa sarkin iyayi, sai na ratse Malumfashi bikin ƙanwata. Na cusa kwalbar a firjin Goggo kusa da zoɓo, na fito zaure ina hura hanci.

Baba Sale, mijin Goggo, wanda gwiwa ta hana shi zuwa gona, ya ce, "Ɗan nan, me ka ɓoye mana a firji?"

Na ce, "Baba, daga Turai aka kawo. Aikinmu a kan abin da ke jawo ciwon gaɓɓai irin naka ne." (Rabin maganar burga ce, Allah ya sani.)

Da na isa Zariya, Farfesa ya tara ɗalibai su ga yadda ake aiki da antibodin. Yana buɗe murfin, ƙanshin miski ya gauraye ɗakin. Nan take na kira Goggo a waya, kowa yana ji.

"Ai Babanku ya shafa a gwiwa, ɗan ɗigo ne ma," in ji ta. "Ka san ba a mayar wa mutane kwano wayam, shi ne na ɗiga maka turarena na Makka."

Farfesa bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Je ka, sai wata shekara." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abokaina suka gama suka bar ni, kuma har yau abin yana ci mini rai. Gwiwar Baba Sale tana nan yadda take, yana ta sa mini albarka, wai da maganin ya ɗan fi haka yawa da tuni ya miƙe.

Yanzu duk abin da na saka a firjin gida, in aka tambaye ni, cewa nake gubar ɓera ce.