Wanda Ya Yaba, Shi Zai Ɗauka

"...lafiya lau, sai dai ganinka da ya rage min daɗin safiyar. Ya gajiya, bawana?"

"Gajiya da sauƙi kafin ki shigo. Wa ya bar ƙofar nan a buɗe?"

Dakta ce ta faɗo ofishin Farfesa ba ƙwanƙwasawa, da fayil a hammata. Taubasai ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya. Shi ɗan mace, ita 'yar namiji, don haka tun suna yara take kiransa bawanta, kuma zamansa farfesa bai 'yanta shi ba. Sashe ɗaya suke koyarwa, na Adabin Ingilishi, shi tsofaffin waƙoƙi, ita ƙagaggun labarai na zamani. Ran nan da azahar kwamitin ɗaukar ɗaliban digiri na uku zai zauna, su biyun kuma suna ciki.

Sashen yana da wata doka da ba a taɓa rubutawa ba. Duk wanda ya buɗe baki ya yabi mai neman gurbi a zaman kwamiti, shi za a ɗora wa duba aikinsa har ya gama. Shi ya sa in ka leƙa zaman za ka ga manyan malamai sun yi tsit, kowa na nazarin silin. In fayil ya yi kyau ƙwarai, sai tari ya kama mutane. Wanda ba a yaba ba kuwa, a mayar da shi kwali.

Dakta ta kwashe littattafan da ke kan kujerar baƙi ta jibge a ƙasa.

"Kujerar nan ta masu rai ce ko ta matattun mawaƙanka?"

"Ta masu sallama ce."

"Ka karanta fayil ɗin malamar sakandaren nan?"

"Wace malama?"

"Kar ka raina min hankali. Wadda take son rubutu a kan jinya. Yadda tsofaffin mawaƙa suka rubuta zaman mai jinya a bakin gado, da yadda marubutan yanzu suke rubuta shi."

"Ban gani ba."

Ta ɗaga fayil ɗin ta nuna masa bangon. "To wannan tabon gindin kofin na waye? Duk ginin nan kai kaɗai kake shan shayi a kan takardun mutane."

"Na ɗora kofi a kai. Ɗora kofi ba karatu ba ne."

"A wajenka ai shi ne rabin karatun. Bawana, bara matar nan ta nema, kuka yi mata shiru aka mayar da ita kwali. Bana ne kaɗai makarantarta ta yarda ta ba ta hutun karatu. In aka sake shiru yau, shi ke nan, ta koma aji har ritaya."

"Kuka yi mata shiru? Ke bara ina kike? Ba ke ce kika yi ta neman biro a ƙarƙashin tebur har aka wuce sunanta ba?"

"Biron ya faɗi ne."

"Ya faɗi. Allah ya ba shi lafiya. To yau ki ɗaure shi da zare a wuya, ki yabe ta. Bakinki ai ba ya zuwa hutu. Ranar da kika haifi ɗan farinki nas ɗin cewa ta yi jaririn bai samu wurin kuka ba."

"Ka san dalili. Tsohon shugaban sashe ne ya duba ta a digiri na biyu. Sabon kuwa ko sunan mutumin ba ya son ji. Ya sauke hotonsa daga bango, ya canza labule, har tukunyar furen da ya bari an fitar da ita rana ta bushe. Takarduna na ƙarin girma suna kan teburinsa. In na yabi ɗalibar abokin gabarsa, sai dai jikokina su zo su karɓar min sakamako."

"Wato tsoro."

"Wato hankali. Tsoro ku kuka gada ta wajen babanka, mu danginmu ba mu san shi ba."

"Mutumin da ya auri gwaggonki, ya zauna da ita har gashinsa ya ƙare, shi kike kira matsoraci?"

"Wallahi sai na gaya mata."

"Gaya mata. Ita ta fara faɗa."

Dakta ta jawo kujerar kusa da tebur. "Kai me za a yi maka? Ka kai ƙarshen tsani. Ba abin da ya rage a ba ka sai sanda."

"Me za a yi min? Ajin 'yan shekarar farko za a ba ni, na sassafe, a babban ɗakin nan da lasifikarsa ta mutu tun zamanin tsohon shugaba. In tsaya ina ihu da waƙa kamar mai tallan katifa. Ga ɗalibai a hannuna sun fi haƙorana yawa."

"Wannan ba yawa ba ne."

"Kuma na nemi hutun bincike na baɗi. In na ɗauki sabuwar ɗaliba, hutun ya tafi. Littafina fa?"

"Wane littafi? Wanda ka fara ina 'yar firamare? Kwanaki na ga babi na farko, takardar ta yi ja kamar an gasa ta."

"Aiki mai kyau ba ya son gaggawa."

"Mawaƙan da kake rubutu a kansu ma sun gaji da jira, ga su a kabari ba inda za su."

Farfesa ya kurɓi shayinsa, ya koma kan jaridar da yake karantawa. Dakta ta buɗe fayil ɗin tana juya shafi a hankali, sai ta taɓe baki.

"Kai, bari ma. Na sake dubawa, ashe ba abin tashin hankali ba ne. Gara da ka ƙi. Matar ba ta fahimci waƙa ba."

Jaridar ba ta motsa ba.

"Dubi abin da ta yi da waƙar nan ta mutumin da ke zaune gaban gadon matarsa. Kowa ya san waƙar soyayya ce. Fitilar da ke ɗakin kuma alamar kyakkyawan fata ce, cewa matar za ta tashi. Ita kuma ta zo tana cewa wai gajiya ce."

Jaridar ta sauko kaɗan. "Alamar me?"

"Kyakkyawan fata. Haske ai fata ne. Ko ɗan aji ɗaya ya sani."

"Fitilar da manta ke ƙarewa? Mutumin yana kallonta yana so ta mutu ya samu ya runtsa, kunya kuma tana cinsa don ya so hakan! Baiti na ƙarshe ma ba matar yake kallo ba, kujerar da zai miƙe ƙafa yake kallo. Abin da malamar nan ta gano ke nan, ta kuma bi shi baiti baiti ba ta yi tsalle ba. Na daɗe ban ga mai neman gurbi da ya..."

Dakta ta rufe fayil ɗin, ta ɗora hannu biyu a kai.

"Ɗora kofi."

"Wannan ba zaman kwamiti ba ne. Yabon ofis ba ya shiga lissafi."

"Na sani. Shi ya sa da azahar, da an kira sunanta, zan gyara murya in faɗi abin da na faɗa yanzu. Fitila, fata, soyayya. A gaban shugaba, a gaban sakatariya tana rubutawa. Zan ma ƙara da cewa mawaƙin bai taɓa aure ba."

"Sau biyu ya yi aure!"

"Ka gani?"

"Zan yi shiru. Ki faɗi abin da kika ga dama."

"Kai? Ranar da za a yi maka aikin ido, an sa maka allurar barci, kana lumshewa kana gyara wa likita Turanci. Matarka ta ce sai da suka ƙara maka wata."

"Ya yi kuskure ne."

"A filin jirgi fa? Ka bar layi ka tafi neman mai sanarwa, jirgi ya kusa tashi da jakarka."

"Jama'a na saurare, yara na koyo."

"To mu gwada. Ga shugaba can," ta nuna kabad, "ga sakatariya," ta nuna butar shayi. "Ka yi shirun in gani."

Farfesa ya harɗe hannu a ƙirji, ya ɗaga kai sama irin na zaman kwamiti. Dakta ta miƙe, ta gyara mayafi, ta sa muryar taro.

"Shugaba, 'yan kwamiti, ni dai a ganina mai neman gurbin nan ta ɓata. Waƙar nan ta farin ciki ce. Ina ma jin don yara aka rubuta ta."

Ƙafar Farfesa ta fara rawa a ƙarƙashin tebur.

"Kuma ba ta da ma'auni. Mawaƙin zuba kalmomi kawai ya yi, duk inda suka faɗi."

Ya ciji leɓe.

"Hasali ma, na karanta a wani wuri cewa ba shi ya rubuta ba. Matar ce ta rubuta bayan ta warke."

"Ta mutu! Matar ta mutu, baiwar Allah! Wace warkewa?"

Dakta ta koma ta zauna tana dariya har da riƙe ciki. "Ko shayin bai huce ba, bawana."

"Allah ya isa tsakanina da kawu da ya sa ki makaranta."

"Amin, zan kai masa saƙo. Ka yarda?"

Farfesa ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, fuskarsa ta sake, irin sakin da Dakta ta sani tun suna yara, wanda ba ya zuwa da alheri.

"Na yarda. Zan yabe ta. Zan yabe ta har shugaba ya nemi ruwa. Amma in na gama zan ce, 'Shugaba, rabin aikin nan ƙagaggun labarai ne na zamani, ni kuwa ban san komai a kan marubucin da ke numfashi ba. Dole a haɗa ni da mai dubawa ta biyu.' Sai in juyo in dube ki."

"Ba za ka yi ba."

"Har da nuni da yatsa."

"Sai in ce ba fannina ba ne."

"Ki ce. Takardunki da ke kan teburinsa cewa suka yi duk ƙasar nan ba wanda ya kai ki a fannin. Ni na gyara miki Turancinsu, na sani. Ki tashi a gabansa ki ƙaryata kanki."

"Kai mugu ne."

"Ta wajen uwa na gado."

Ta dubi fayil ɗin, ta shafa gefen da ya lanƙwashe. A waje ɗalibai na wucewa a baranda, wani na tambayar ko an ga mai mukullin ɗakin taro.

"Zai danne min takardu," ta ce, ba da muryar wasa ba. "Ka san zai danne."

"Zai danne. Ni ma hutuna ya tafi, littafi ya ƙara tsufa, kuma za ki riƙa jin ihuna daga babban ɗaki kina fakin ɗin mota. Amma wa'adinsa baɗi zai ƙare. Ke kina da baɗi, ni ina da baɗi in Allah ya kai mu. Malamar nan ce ba ta da shi."

Ta ɗago ta harare shi. "Yaushe bawa ya fara wa'azi?"

"Tun da uwargijiyarsa ta fara ɓuya a ƙarƙashin tebur."

"To na ji. In ka nuna ni, zan ce na karɓa. Amma da sharaɗi. Babin waƙoƙi naka, babin labarai nawa, kuma ba za ka ajiye mata aiki wata da watanni kana ɗora kofi a kai ba."

"Ke kuma ba za ki tsare ta a ofis kina ba ta labarin ciwon bayanki ba. Jinya take nazari, ba jinya ta zo yi ba."

"Kuma kai za ka fara magana."

"Ni zan fara. Ai babba ne ke fara shiga rana."

"Tsoho dai."

Farfesa ya jawo aljihun tebur, ya yi ta lalube cikin tarkacen maɓallai da tsofaffin katunan taro, ya fito da jan biro ya miƙa mata da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"Ungo. Kyautar bawa ga sabuwar mai duba ɗaliba."

Ta karɓa tana jujjuya shi, ta gwada a bayan hannunta. Ta girgiza, ta hura masa iska, ta sake gwadawa.

"Wannan ai ba ya rubutu."

"Shi ya sa na ba ki. Aikin matar ba ya son gyara da yawa, kar ki je ki ɓata min shi."

Dakta ta fashe da dariya, ta soke biron a jaka, ta ɗauki fayil ta nufi ƙofa.

"Rufe bakin nan haka, bawana, kar yabon ya ƙare kafin azahar."