Rezon da Na Haɗa wa Surukina

Sati biyu kacal na yi ina koyon haɗa rezo, wato layin intanet, a nan Matameye, amma har tafiyata ta canja. Ranar da aka nuna mana manhajar gwaji, na jera na'urori a allon kwamfuta, na sa wa wifi suna da kod, ƴan fitilu suka yi kore. Ban jira ƙarshen bayani ba, na saɓi kwamfutar sai gidan surukina, wanda kullum yake kukan rashin rezo ya hana shi ganin ɗansa na Kano a waya.

Na durƙusa na ce, "Baba, daga yau an gama."

Ya sa aka shimfiɗa mini darduma, ya kira maƙwabta su ga aikin mijin ƴarsa. Dattawa shida suka zaro salula suna neman wifina. Babu. Na ce su ɗaga hannu sama, suka ɗaga. Na ce katanga ce ta tare, surukina da kansa ya fita cikin rana da babbar riga, hannu a sama.

Daga ƙarshe na kira malaminmu in tambayi abin da ya tare wifin, kuma don tsabar isa na buɗe muryar salula kowa ya ji.

"Wane wifi?" in ji shi. "Ai zanen koyo ne, daga allon nan ba ya zuwa ko'ina."

Surukina ya sauke hannu a hankali, ya ce a kawo mini ruwa.

Har yau in damina ta yi jinkiri, dattawan nan sai su tare ni: "Injiniya, a zana mana hadari mana, hatsi na jira!"