Kunnen Kaka a Shagon Kayan Kiɗa

"...lafiya lau, sai wahalar da wannan ta jawo min," in ji Kaka, yana miƙa wa mai shagon kayan kiɗa hannu. "Ka gan ta nan, matata ce. Na aure ta don ta riƙa dafa min shayi, ta ɓuge da rungumar katako mai igiyar wuta."

"Kar ka kula shi," in ji jikar tasa, wadda kowa a gida yake kira Mai Jita. "A hanya na tsince shi, ina neman masu shi."

Ta sauke jitar tana dariya, amma a ƙasan ranta ba daɗi. Ranar Asabar za ta fara kiɗa a gaban jama'a, Kaka kuwa ya rantse ba zai je ba. Ga shi shi ya raine ta, a gindin keken ɗinkinsa ta yi wayo. Duk sanda ta jona jita a falo, sai ya zare na'urar jinsa daga kunne ya jefa aljihu, abin yana ci mata rai. Sai kwanan baya ta gano dalili: in ta bugi tsirkiya da ƙarfi, na'urar ta soka masa ƙara, in ta sassauta, ba ya jin komai. Shi kuwa tsohon nan, ko za a yanka shi ba zai ce kunnensa ya gaza ba. Shi ya sa ta lallaɓo shi da cewa ya zo ya taya ta zaɓen feda.

"Fedar kwamfiresa nake so," ta ce da mai shago.

"Firiji za ki buɗe?" in ji Kaka.

"Ta jita, tsoho. Ana taka ta da ƙafa. Ƙarar da ta yi yawa ta danne ta, wadda ta yi ƙasa ta ɗago ta."

"Ashe akwai abin da yake danne ƙara? Malam, ba ka da wanda ake sa wa a baki? Ba ni biyu, ɗaya nata, ɗaya na uwarta."

"Zan gaya mata."

"Gaya mata. Ni na haife ta."

Mai shago ya jera feda uku a kan tebur yana ƙunshe dariya. Kaka ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya taɓe baki.

"Wannan ce feda? Akwatin ashana. Ni da na tsufa a kan fedar keke, da ƙafar nan na gina gidan da kike cika wa da hayaniya."

"Shi ya sa duk wandon da ka ɗinka min ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ƙafafunki ne ba su daidaita ba, wandona lafiyarsa ƙalau."

Ta zaunar da shi a kujera gaban lasifika, ta jona ta farko, wata ja mai maɓallai rututu, ta kaɗa. Sautin ya fito a shaƙe.

"Wa ya toshe wa akuya baki da matashi?" in ji Kaka.

"Kai da ba ka ji, ya aka yi ka ji akuya?"

"Wa ya ce ba na ji? Ni har tafiyar tururuwa ina ji. Maganarki ce kawai na daina saurara tun kina 'yar mitsitsiya."

Ta biyu baƙa ce, tana jona ta lasifika ta hau yin shuu tun ba a taɓa tsirkiya ba. Kaka ya leƙa waje.

"Ruwa aka fara? Na bar shanya."

"Fedar ce."

"To saye ta. Ta fi ki iya kiɗa, kuma ba ta cin abinci."

Ta uku 'yar ƙarama ce, fentinta duk ya goge, maɓallanta biyu kacal. Mai Jita ta murɗa su kaɗan, ta fara kiɗan da ta tsara don ranar Asabar. Da ta zo inda ake bugawa da ƙarfi, ta saci kallonsa. Hannunsa ya tashi zuwa kunne kamar kullum, ya tsaya a hanya, ya koma kan gwiwa. Ta gangara wurin da kiɗan yake yin sanyi.

"Tsaya," in ji Kaka. "Wannan wurin, yaushe kika ƙara shi?"

"Tun farko yana ciki."

"Ƙarya kike. Nan ne kullum kike yin shiru kina ta lalube a kan tsirkiya kamar mai neman allura." Ya kau da kai. "Na ɗauka mantuwa kike yi."

"Mantuwa?"

"To me zan je yi? In zauna ina kallo mutane suna yi wa matata dariya?"

Ashe tsohon nan tsoron ganin kunyarta ne ya hana shi zuwa. Ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

"Wato kurma ne yake tausayina."

"Kurman da ya zaɓa miki feda. Malam, naɗe mana wannan mai kama da ni, ta tsufa amma tana aiki. Ni zan saya, kar a ce ban taɓa yi wa matar nan kayan aure ba."

"Jaka fa?"

"Zan ɗinka miki."

"Gefe ɗaya ya fi ɗaya?"

Kaka ya yi dariya har da tari. Ya gyara zaman na'urar a kunnensa, ya jawo kujerar kusa da lasifika.

"Ki ajiye min wuri a gaba ranar Asabar. Yanzu koma min wurin nan mai sanyi, daga farko. Kafin yau ban taɓa jin sa ba."