Rigar Talakan Da Na Sa Wa Bula

Shekarar da ƙanin maigidana, Bukar, ya zama darakta, gidanmu na Gashuwa ya zaɓa don ɗaukar fim ɗinsa na farko, da kyamarar haya daga Kano. Ni aikina girki ne kawai.

Da 'yan fim ɗin suka tashi daga aiki ranar farko, na tsinci rigar jarumin a kan igiya, duk dauɗa, aljihu a yage. Tausayi ya kama ni. Bawan Allah ya fito a kaset haka, kuma a ce daga gidana? Na wanke ta tas, na ɗinke, na zuba mata bula ba tsimi, na goge. Har ina jiran godiya.

Da safe mai kula da kayan sawa ta ɗaga rigar, ta yi salati a hankali.

Bukar ya dafe kai. "Matar Yaya, a talaka fa ya fito. Jiya mun ɗauki shigarsa zaure, yau sai fitowarsa tsakar gida, gobe kyamara za ta koma Kano."

Aka tumurmusa rigar a ƙasa, aka yayyafa mata shayi, bulata ta ƙi fita. Haka aka ɗauka. Daga baya mai gyaran kalar fim a Kano ya rage shuɗin, sai fuskar jarumin ta koma kamar manja. Dole ya haƙura, ya mayar da shuɗin.

Haka fim ya fito: mutum ya shiga zaurena da dauɗa, ya fito fes. Har yau in Bukar ya ga yaro da ƙazamar riga, sai ya ce, "Je ka ratsa zauren Matar Yaya."