Yaƙin Sallau da Na'urori Masu Barci

Ku matso, ya ma'abota tarihi, ku ji waƙi'ar Sallau ɗan Barau jikan Ɗanbaba, tsatson gidan da ba a taɓa kama ɗayansu yana gyangyaɗi ba sai bayan cin tuwo. Shi ne shugaban leburori a wata masana'antar man gyaɗa a Gusau, dodon masu hamma, aradu mai tada na kwance.

A masana'antar an kafa ƙananan na'urori marasa waya, tun daga tankin mai har ɗakin inji. Ta bakin tanki takan gaya wa maƙwabciyarta, ita ma ta gaya wa ta gaba, har injin turo mai ya ji tanki ya cika, ya tsaya. Don batir ya daɗe, barci suke yi, su farka tare a ƙiftawa ɗaya, su miƙa saƙo, su koma. Injiniya Rakiya ta bayyana masa wannan cikin haƙuri. A duk jawabin, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen gwarzon.

"Barci? A bakin aiki? Ina raye?"

Ranar da Rakiya ta tafi biki Ƙaura, sadauki ya ɗaura ɗamara, ya zare sukudireba daga aljihu kamar takobin magabata, ya hau tsani da hantsi alhali mai na kwarara cikin tanki, ya auka wa rundunar malalata ɗaya bayan ɗaya, yana cire batir yana mayarwa, yana kururuwa: "Tashi, 'yar banza! Sai ni Sallau!"

Suka tashi kuwa, bayin Allah, amma kowace da nata lokacin. Wannan ta yi kira, waccan ba ta ji. Kafin su gano juna, mayaƙin ya sake zagayowa. Tanki ya cika, na'urar bakinsa ta yi ta shela babu mai amsawa, mai ya malalo har bakin ƙofa. Nan gwarzon ya sauko daga tsani don karɓar mubaya'a, santsi ya kwashe shi gaban leburorinsa.

Da aka kira Rakiya a waya, abu ɗaya ta ce: "Don Allah ku riƙe Malam Sallau, kada kowa ya taɓa komai."

Kafin la'asar na'urorin sun daidaita da kansu. Shi kuwa aka miƙa masa tsintsiya da buhun garin katako. Yana shara yana gaya wa masu dariya cewa da bai tashe su ba, da ɓarnar ta fi haka.